In ƙara lissafin cinikina don in samu rance?

Tambaya: Ni Kirista ne, shekarata huɗu ina kasuwanci. Ina neman rancen banki, sai abokina ya ce in kumbura ribata a takarda don su ba ni da yawa, wai kowa haka yake yi. Na daɗe ina addu'a, har yanzu shiru. Laifi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, laifi ne, kuma asara ce. Mu fara da lissafi. Banki yana yanka maka biyan wata-wata ne bisa ribar da ka nuna. A ce ribarka ta gaskiya 90 ce a wata, ka rubuta 180. In suka tsayar da biya a kan kashi ɗaya cikin uku, za su nemi 60, alhali ƙarfinka 30 ne. Cikon 30 ɗin daga uwar kuɗi zai fito. Cikin wata shida ka cinye 180 daga jarinka, kaya sun ragu, ciniki ya ja baya, ga tarar jinkiri, ga kadarar da ka jinginar tana hannunsu. Wannan ma in takardar ta wuce ke nan, domin jami'in rance yakan gwada littafinka da shige da ficen asusunka. In suka saɓa, magana ta koma zamba.

Shirun da kake ji ba izini ba ne. Tun Yakubu yana ciki Allah ya faɗa wa mahaifiyarsa Rifkatu cewa a cikin tagwayenta babban, Isuwa, zai bauta wa ƙaramin, Yakubu, amma ita da Yakubu suka ƙi jira, suka yaudari mahaifinsa Ishaku da fatar akuya don Yakubu ya karɓi albarkar Isuwa (Farawa 27). Albarkar ta zo, sai dai Yakubu ya yi shekara 20 a gidan kawunsa Laban, wanda ya sauya masa lada sau goma.

Ga abin yi. Raba kuɗin gida da na kasuwa. Rubuta cinikin kowace rana, ka riƙa zuba shi a asusu na tsawon wata shida, ka adana rasit. Sannan ka nemi rancen da biyansa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na ribarka ta watan da ya fi muni ba, ba watan da kasuwa ta yi kyau ba. In ya yi kaɗan, roƙi dilanka ya ba ka kaya bashi na kwana 30. Ƙaramin rancen da ka biya a kan lokaci shi bankin zai duba ranar da ka koma neman babba.