Amsa ga ɗan'uwan da ɗansa ya kafe sai tuƙin jirgin yaƙi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce yaronka yana aji shida na firamare, ba shi da zance sai jirgin yaƙi, mahaifiyarsa kuma da ta ji an ambaci sojan sama sai hawaye. Kai ma a da ka so ba ka samu ba, shi ya sa ka rasa ko ka ƙarfafa masa gwiwa ko ka kashe maganar tun yanzu, har kana tunanin hana shi zuwa kallon wasan jirage. Wallahi ciwon da ke damunka shi ke damuna. Kada ka hana shi, kuma don Allah kada ka yi masa komai a ɓoye.

Ni a Kawo na tashi. 'Yan Kaduna na cikinmu sun san yadda safiya take a can a shekarun 1980: kana shan koko, jirgin Bulldog na 'yan koyon tuƙi na ta kewaya samaniyar unguwa, ya sauka ya tashi. Daga baya aka kawo Air Beetle, wanda a nan Kaduna aka harhaɗa shi, muna ta alfahari da shi duk da ƙanƙantarsa. Amma ranar bikin wasan jirage daban ce. Tun asuba muke kama hanyar Mando a ƙasa, ba ko sisi a aljihu. Alpha Jet su zo a jere, fiffike dab da fiffike, su tashi sama su tarwatse kowa ya kama gabansa. MiG-21 kuwa, wanda ake tasowa da shi daga Makurdi, ba ka jin zuwansa. Sai dai ka ga abu mai tsinin hanci ya gifta shiru, ka buɗe baki za ka ce "ga shi can", sannan ƙarar ta faɗo maka a ƙirji. Tsofaffi su ɗauki salati, mai tallar gyaɗa ta watsar da faranti. Sannan C-130, babban jirgin ɗaukar sojoji da kaya, ya zo da nauyinsa, ya buɗe bayansa, sojojin laima su riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya.

A sakandare na shiga kadet, ƙungiyar ɗalibai masu koyon horon soja. Wani tsohon saje ne ke koya mana fareti, murya kamar an ja tsohuwar ƙofar langa-langa. Daren Juma'a ba barci: kaki ya sha sitaci, a goge shi da dutsen guga na gawayi har karin wando ya tsaya cak, takalmi kuma a shafa Kiwi, a ɗan gasa da kyandir, a bi da auduga da ɗigon ruwa har ka ga fuskarka a ciki. Wata rana aka kai mu bariki, aka bar mu muka hau tsani muka leƙa cikin Alpha Jet. Da yake ni ne ƙarami, matuƙin ya ce in zauna. Ya nuna mini wani mariƙi mai ratsin rawaya da baƙi, ya ce komai na so in kalla, amma wannan ko da wasa kar hannuna ya je wurin, shi ke cilla matuƙi waje da kujerarsa. Wurin duk ƙanshin man jirgi, irin na kananzir. Daga ranar 'yan ajinmu suka sa mini Kyaftin.

To ga inda abin ya lalace. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, baffana ne ya riƙe ni, kuma adireshin akwatin gidan wayarsa na sa a fom ɗin NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Na rubuta jarrabawa a 1993, na fito ina jin na yi abin kirki. Sai jira. Kullum ya dawo daga gidan waya in tare shi a zaure in karɓi jakarsa, in ce Baffa ko akwai saƙo? Ya ce babu, sai takardar kuɗin ruwa. Yana faɗa yana kallon idona. Har lokaci ya wuce, na haƙura, na ce faɗuwa na yi. Kyaftin ɗin ya koma sunan tsokana, in na wuce majalisa sai wani ya ƙame ya sara mini, a tuntsire da dariya. Na shiga kasuwa da tabon cewa ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba.

Sai bayan rasuwar baffana, muna fito da takardun gida daga tsohuwar akwatinsa ta ƙarfe saboda rabon gado, na ga ambulan mai ruwan ƙasa da sunana a jiki. An farke bakinta da kyau, da reza. Takardar kira ce zuwa tantancewa, da ranar da zan je da abin da zan riƙo. Ya karanta, ya ninke, ya ajiye ƙarƙashin takardar fili. Bai ma ƙona ta ba! Wannan ne har gobe ya fi tsaya mini a rai. Ina tsugune gaban akwatin, mutane cike da tsakar gida, ga gawayin girkin sadaka bai gama mutuwa ba, ni kuma na rasa ko kuka zan yi ko ihu. Mutumin da ya ciyar da ni, ya yi mini aure, shi ne dai ya bar ni shekara da shekaru ina ganin kaina daƙiƙi. Da na nuna wa Inna, matarsa, sai ta ce ai tun haɗarin Ejigbo ya yi rantsuwa. Kun tuna, 26 ga Satumba 1992, C-130 ɗin da ya taso daga Legas zai zo Kaduna ya faɗi cikin fadama jim kaɗan bayan tashi, mutum sama da 150 suka rasu, yawancinsu hafsoshin da ke kwas a kwalejin soja ta Jaji, kusa da Kaduna. Garin nan ya ga zaman makoki. Baffa ya je ta'aziyya ya dawo ya ce ɗan marayan da aka bar masa amana ba zai hau jirgin soja ba. To ka faɗa mini mana! Ka zaunar da ni ka ce na hana. Da na yi fushi na wata biyu na huce. Ina yi masa addu'a, Allah Ya sani, amma akwai ranar da bakina ke yin nauyi.

Shi ya sa na ce ban da ɓoye-ɓoye. In za ku hana, ku hana a fili, kai da mahaifiyarsa, ku faɗa masa dalili. Ita ma kada ka yi mata ƙarya cewa babu haɗari. A 2018 ma jiragen F-7 biyu sun yi karo a Abuja wajen Katampe suna atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu. Tsoronta na gaskiya ne. Amma hanyar Abuja zuwa Kaduna fa, rai nawa ta ci, mun daina binta?

Abin da zan ce ka fara yi tun kafin maganar makaranta: kai shi asibitin ido. Akwai littafin nan mai ɗige-ɗige kala-kala da ake ɓoye lamba a ciki. Yaro na iya gani garau daga nesa amma bai bambance ja da kore, shi kansa bai sani ba, kuma wannan kaɗai ya isa a cire shi daga layin tuƙi. Wani abokina a kadet haka ta faru da shi, ya wuce gudu, ya wuce komai, littafin nan ya mayar da shi gida. Gara ku sani yanzu. A duba kunne ma. Sannan lissafi da fiziks da Turanci, ka matsa masa, son jirgi kaɗai ba ya tuƙa jirgi. Akwai makarantar sojan sama ta Jos da aka buɗe a 1980, daga aji ɗaya na sakandare ake shiga, to yanzu ne lokacin neman fom ɗinta. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi yana da hanya, ɗan damfara ne, ka rabu da shi. Kuma lambar wayarka da imel ɗinka za ka sa, ba na wani kawu ba.

Kar ya ɗauka in ba matuƙi ba shi ke nan. Jirgi ɗaya mutum nawa ke bayansa? Ga AFIT, makarantar fasaha ta sojan sama, nan Kaduna tana koyar da injiniyancin jirage, ga kwalejin Zariya da take nan tun 1964 tana horar da matuƙan farar hula da masu ba jirage hanya daga hasumiya. Ni da ma an bar ni ko da goge tayar jirgi ne. Ai rashin masu kula da kaya ne da rashin kayan gyara ya sa jiragen yaƙi na Jaguar ɗin da aka sayo daga Ingila a tsakiyar shekarun 1980 suka ƙare a ajiye a Makurdi ba su yi wani dogon aiki ba. Wannan jirgin har yau ina jin takaicinsa, yaran yanzu sai dai Super Tucano da JF-17 da suka zo a 2021, wai su a dole sun ga jirgi.

Wasan jirage kuwa, ka kai shi, ka tafi da uwar in za ta yarda, ta ga matuƙan nan da idonta, ta ga 'ya'yan mutane ne masu hankali. Ku je da wuri don ku samu shiga wajen da ake jera jirage a ƙasa, ku riƙe ruwa da hula, ƙananan kuma a toshe musu kunne da auduga. Ka bar shi ya yi wa matuƙi tambaya da bakinsa, kar ka amsa masa.

Wai a cikinku akwai mai hoton MiG-21 na bukukuwan Kaduna na wancan lokacin? Nawa ruwan sama ya lalata su da rufin ɗakina ya yi yoyo. Mai shi ya taimaka ya sa mana a nan.