Amsar tambayar ƙaninmu kan haidirojin mai cajin negatif

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanena na saurari muryarka, wai tunda furoton (ƙwayar tsakiyar haidirojin mai cajin fozitif) ake nema a ƙarshe me ya kawo wahalar liƙa wa haidirojin elektiron na biyu sannan a dawo a cire. Ai ni a jina abin da kake tambaya shi ne, ta yaya za a yi ta ɗura sabbin furoton cikin zoben na'urar ƙara wa ƙwayoyin zarra gudu, wanda wasu ke zagayawa a ciki tuntuni. To ba ya yiwuwa da sauƙi, don maganaɗisu gefe guda yake lanƙwasa su duka, sabon ba zai hau layin tsohon ba. Shi kuwa haidirojin mai negatif ɗaya gefen yake karkata, sai a haɗe su a layi ɗaya, su ratsa wani siririn fallen kabon ya tuɓe masa elektiron biyun nan, shi ke nan ya zama furoton a cikin zobe. Dabarar masanan Novosibirsk ta Rasha ce, su Budker da Dimov, tun shekarun 1960. Saboda ita CERN, cibiyar binciken nan ta Turai, suka ajiye injinsu Linac2 mai ba da furoton a 2018, yanzu Linac4 mai ba da haidirojin mai negatif ke aiki da 160 MeV (eV ma'aunin kuzari ne, MeV kuwa eV miliyan ɗaya).

Amma fa wahalar ba a nan take ba wallahi, tana can cikin injin da ke samar da haidirojin mai negatif ɗin. Elektiron ɗin nan na biyu da ƙyar yake maƙale, 0.75 eV kacal, elektiron mai zafi ɗaya ya buge shi a cikin filazma (gas mai tsananin zafi da ke cikin injin) ya tafi, shi ya sa ake sa maganaɗisu ya tare masu zafin kada su iso bakin mafita. Sannan in ka ja shi da wuta elektiron zalla ma biyo shi suke tunda cajinsu ɗaya, dole ka nema musu inda za ka zubar ko su ƙona maka ƙarfe... bar wannan ma tukuna, ga maganar da ke cina.

Siziyom! Tun 1971 Dudnikov, shi ma masanin Novosibirsk, ya gano in ka shafa wannan sinadarin a jikin ƙarfen cikin injin haidirojin mai negatif da ake samu yana ninkuwa sosai, saboda ƙarfen yakan saki elektiron cikin sauƙi. Amma shafa aka ce, shimfiɗar da ba ta ma kai ƙwayar zarra ɗaya cikakkiya a kauri ba. Kamar kanwa ce a miya, ka zarce ta ɓaci. Akwai wani da muka yi aikin dare tare, da ya ga karent ya ɗan sauka a allo sai ya ƙara wa murhun siziyom zafi, ko rubutawa a littafi bai yi ba. Kafin asuba tartsatsi ya fara, wutar da ke jawo haidirojin waje tana ta katsewa, da aka buɗe duk insuleta (abin da ke hana wuta tsallakawa) ya yi baƙi-baƙi da datti, aka yi ta wanki da gasawa, masu gwaji suna zaune suna jiranmu. Har yau cewa yake injin ne ya tsufa. Injin me? Je ka ga injin cibiyar bincike ta SNS a Oak Ridge can Amurka, sau 60 yake bugawa a daƙiƙa, ya yi watanni ba a buɗe shi ba, kuma siziyom ɗan mitsitsi suke sakawa tun farkon tashi. In karent ya sauka fara duba gas ɗinka da zafin ƙarfen, ka jira awa biyu uku ka gani, kar ka taɓa murhun nan don Allah.