Me ya sa jikina ke karkarwa bayan karin kumallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar firamare ce a Zariya. Kullum da misalin ƙarfe bakwai na safe nakan sha koko mai sukari da burodi, amma kafin ƙarfe goma sai hannuwana su fara karkarwa, gumi ya karyo mini, gabana ya riƙa faɗuwa, ga wata muguwar yunwa. An gwada jinina a asibiti, an ce ba ni da ciwon sukari. Idan na sha lemon kwalba nakan ji sauƙi nan take, amma bayan awa biyu sai abin ya dawo. Me ke damuna, kuma wane abinci ya dace da ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Abin da kika bayyana ya yi kama da faɗuwar sukarin jini bayan cin abinci, wadda takan zo tsakanin awa biyu zuwa huɗu da kammala ci. Tataccen koko da aka zuba wa sukari, haɗe da farin burodi, abinci ne mai saurin narkewa, saboda haka sukari yakan kwarara cikin jini a lokaci guda. Jiki kuma sai ya saki insulin, wato sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, a wurin wasu mutane kuwa yakan wuce gona da iri har sukarin ya yi ƙasa da yadda ake buƙata.

Lemon kwalbar da kike sha shi ne ya fi ba ni damuwa, domin yana sake tayar da rikicin da kokon ya fara. Zaƙi maganin gaggawa ne kawai. Idan karkarwar ta zo, cokali ɗaya na cin abinci na zuma ko sukari, kimanin giram 15, ya isa. Ki jira minti 15, sannan ki biyo shi da gyaɗa ko dafaffen ƙwai domin sukarin ya zauna daram.

Gyaran gaske yana cikin karin kumallon ne. Ba sai kin rabu da koko ba, amma ki rage yawansa, ki daina zuba masa sukari, ki haɗa shi da ƙosai ko alale a maimakon burodi, domin wake yana jinkirta narkewar abinci. Da rana, shinkafa da wake ta fi farar shinkafa zalla, kuma malmala ɗaya ta tuwon dawa da wadatacciyar miyar kuka ko kuɓewa da ɗan nama ko kifi ta fi malmala uku da ɗigon miya. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke rainawa, yana daga cikin mafi dacewa da ke. Ki riƙa cin kaɗan-kaɗan duk bayan awa uku, ki kuma ajiye gyaɗa a jakarki saboda lokacin tara.

Duk da haka, alamu kaɗai ba sa tabbatar da matsalar, tunda fargaba ma tana kawo karkarwa da gumi. Likitoci suna bin sharuɗɗa uku da wani likitan tiyata na Amurka, Allen Whipple, ya bayyana a 1938: a ga alamun, a auna sukarin jini a daidai wannan lokaci a same shi ƙasa, sannan alamun su gushe da zarar sukarin ya hau. Ga wanda ba shi da ciwon sukari, awon sukarin da ya gaza miligiram 55 a kowace desilita ta jini (wato kashi ɗaya cikin goma na lita) shi ake ɗauka da muhimmanci. Saboda haka ki nemi a gwada ki a lokacin da karkarwar take kanki, domin gwajin da aka yi kina cikin ƙoshin lafiya ba zai nuna ta ba.

Ki gaggauta komawa wurin likita idan kin taɓa suma ko ruɗewa, ko an taɓa yi miki tiyata a tumbi, ko kuma abin yana zuwa miki cikin dare ko lokacin azumi, domin waɗannan suna buƙatar binciken da ya wuce gyaran abinci.