Alhaji, kafin ka zuba kuɗin masara a fim ɗin yanka

Wani bawan Allah mai harkar hatsi a Tudun Hatsi nan Gombe ya turo min tambaya. Ya ce ɗan ƙaninsa ne ya gama karatu, yana ɗan taɓa ɗaukar bidiyon biki, yanzu ya zo masa da maganar yana so ya ba shi naira miliyan 3 su yi fim ɗin ban tsoro, irin mai tsananin nan na yanka da jini da farke ciki, wai irinsa ba ya cin kuɗi kuma Turawa sun yi arziki da shi. Alhajin ya ce shi bai san kan abin ba, ya saka ko kar ya saka?

To Alhaji, yaron nan bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen dai ya faɗa maka. Gaskiya ne fim ɗin tsoro yana cikin nau'in fim mafi sauƙin kuɗi, don ba ka buƙatar babban jarumi, ba rawa da waƙa, ba hayar ƙaton gida da motoci, kango ɗaya da duhu da mutum huɗu sun isa. Na san misalin da zai kawo maka ma, Paranormal Activity, wanda wani ya ɗauka a cikin gidansa a Amurka da dala 15,000 ya zo ya tara sama da dala miliyan 190. Amma ka tambaye shi abu biyu. Jini nawa ya gani a fim ɗin? Kusan babu, ƙofa ce ke motsi da kanta da dare, sai takun sawu. Sannan wa ya kai shi sinima? Kamfanin Paramount ne a 2009, da kuɗin tallansu da suka ninka na yin fim ɗin nesa ba kusa ba. Kai kana da Paramount a Jekadafari?

Ni misalin da na fi so ka riƙe na gida ne. Living in Bondage da ya fito a 1992, labarin tsafin kuɗi da harshen Ibo, wanda ya ɗauki nauyinsa Kenneth Nnebue ɗan kasuwa ne kamar ka, kuma da ma kaset ɗin bidiyo yake sayarwa. Kaga tun kafin a kunna kyamara ya riga ya san hannun da kayan zai bi ya isa ga mai saye. Kai ma ai ba ka taɓa cika sito da masara ba tare da ka san masu zuwa lodi ba.

To a nan ne fim ɗin yanka yake da matsala, duk yawan jinin da aka zuba ƙofofin sayarwa ne suke rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kasuwar faifai ta mutu tuntuni, masu tura fim a waya kuma ranar da ya fita ranar zai zaga gari a kan 'yan canji, kai ko sisi ba za ka gani ba. Tashoshin talabijin irin su Arewa24 iyali ne ke kallo, uwa da 'ya'ya a tsakar gida, wa zai saka musu ana ciro hanjin mutum? Saura YouTube, inda yaran nan duk suka sa rai. Kafin su fara biyanka kuɗin talla sai tashar ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, in an fara kuma kashi 55 cikin ɗari ne naka, kuma tallan da ake sa wa mai kallo a Najeriya bai kai kuɗin na mai kallo a Amurka ko Ingila ba. Wannan duk in fim ɗin lafiyayye ne fa. In suka ga yanka ƙuru-ƙuru sai su sa masa takunkumin shekara 18, masu talla su janye, ka ga mutum dubu ɗari sun kalla amma aljihu wayam, wani lokacin ma su sauke shi gaba ɗaya.

Ga kuma hukuma. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa tun 1993 take, fim ba ya shiga kasuwa bisa doka sai ta duba ta ba shi rukuni, a 2024 ma ta fito da ƙa'idar hana ƙawata tsafin kuɗi da kisan tsafi a fim. In kana son kasuwar Kano, can ma da tasu hukumar tun 2001. Ban da surutun unguwa, kai da kake sahun gaba a masallaci a ce Alhaji wane ne ya ba da kuɗin fim ɗin da aka yanka yarinya, wannan ma ka sa shi a lissafi don suna ma jari ne a Tudun Hatsi.

Na taɓa bin wasu samari lokeshan a wani kango bayan gari, sun kwana suna dama jinin ƙarya, sikari da aka dafa ya yi kauri da jar kalar abinci da ɗan garin koko don ya yi duhu, sun sayo kayan cikin akuya a kwata. Kafin azahar ƙuda ya rufe wurin, jarumar tana ta yunƙurin amai na gaske. Da aka zo editin sai ga shi ba a jin komai sai ƙugin janareta da suka ajiye kusa da taga, dole aka sake ɗaukar murya duka. Sun kashe ƙarfinsu a abin da ido ke gani, alhali a fim ɗin tsoro kunne ne ke kawo faɗuwar gaba. Mu da muka taso da labarin aljanun tsamiya da mayu da fatalwa, kukan jariri a kango da tsakar dare ya fi bokitin jini tayar mana da tsigar jiki, kuma shi ba hukumar da za ta ce a yanke.

Don haka ni dai ba zan ce ka ba shi miliyan 3 ba, musamman in kuɗin sayen kaka ne, don masara ko farashi ya faɗi buhunanka suna nan, fim kuwa in bai karɓu ba abin da zai rage maka fayil ne a kwamfuta. Ka ware abin da in ya tafi ba zai hana ka barci ba, misali kashi ɗaya cikin goma na abin da ya nema, ka ce ya yi gajere na minti 10 zuwa 15, wuri ɗaya, kwana biyu, a yi hayar kyamara kar a saya, a fi sa kuɗin a na'urar ɗaukar sauti da fitila da abincin ma'aikata. Ya saka a tasharsa ku ba shi wata uku, sannan ya buɗe maka shafin lissafin tashar da idonka ka ga minti nawa mutane ke yi kafin su gudu, ba yawan laik ba.

Kuma ku rubuta, ko da ɗanka ne na cikinka. Kyauta ce, bashi ne, ko ƙiradi, wato kai da kuɗi shi da aiki? In ƙiradi ne ka sani riba ce ake rabawa yadda kuka yi yarjejeniya, asara kuwa kan mai dukiya take sai in sakaci aka yi. A rubuta wa ke da mallakar fim ɗin, imel ɗin wa aka buɗe tashar da shi, asusun wa kuɗi zai shiga, duk wanda ya fito a ciki ya sa hannu ya yarda, kar gobe uban wata ya zo ya ce a sauke. In ya ɓata rai don ka ce a rubuta, ka bar maganar zuwa bayan kaka tukuna.