Amsa ga ɗan'uwan da jirginsa mai inji biyu ke zarcewa hagu wajen tashi

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Na karanta tambayarka a kan ƙaramin jirgin samanka na lantarki mai inji biyu, wanda ake tuƙawa da rimot, inda ka ce da zarar ka ba shi totur sai ya zarce hagu, idan kuma ka ɗaga shi da wuri don ka tsere wa ciyawar gefen fili sai fiffiken hagu ya rufta. Wallahi raina ya sosu, domin irin wannan matsala ce ta cinye mini jirgin da na fi ƙauna. Ina roƙonka kada ka sake gwada tashi sai ka auna injinan nan biyu.

A jirgi mai inji ɗaya, iskar farfela tana bugun wutsiya tun jirgin bai motsa ba, shi ya sa majuyin wutsiya ke amsawa nan take. A naka kuwa farfelun suna kan fikafikai, majuyin yana tsakiya inda iskarsu ba ta kaiwa sosai, saboda haka a farkon gudu duk injin da ya ɗan fi ɗan'uwansa ƙarfi shi ne zai juya hancin jirgin, kai kuma ba ka da abin hana shi sai tayar gaba.

Nawa jirgin na balsa ne, wani katako marar nauyi, na kwashe watanni ina haɗa shi da dare bayan na taso daga aiki. Injinan na saye su wurin wani mai sayar da kayan jirage, ya rantse mini tagwaye ne, lambar KV (wadda ke nuna saurin juyin inji) ɗaya a jikinsu. Ranar tashin farko jirgin ya ɗauki gudu, ya karkata, fiffike ɗaya ya taɓa ƙasa, ya yi ta wuntsilawa har injin hagu ya fizge daga mazauninsa yana lilo a jikin wayoyinsa uku. Na durƙusa ina tsintar gutsuren katako cikin jar ƙasa, hannuna yana rawa, yara sun kewaye ni. Da wani abokinmu ya kawo na'urar auna juyin farfela, sai ga shi na dama ya zarce na hagu nesa ba kusa ba, da batir ɗaya da farfela iri ɗaya. Na koma wurin mutumin nan da shaida a hannu, ya dube ni a gaban jama'a ya ce ai hannuna ne bai nuna ba, in je in koyi tuƙi tukuna. Kuɗin ba su dame ni kamar wannan maganar ba, kuma har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Idan wani ya faɗa maka haka, kada ka yarda kafin awo.

Ka cire farfelu, ka saita ESC ɗin biyu, wato na'urorin da ke sarrafa saurin injinan, a lokaci ɗaya domin su san ƙasa da saman totur iri ɗaya, sannan ka ɗaga sandar totur ta rimot a hankali ka ga ko injinan suna fara juyi tare. Bayan haka ka mayar da farfelun ka auna juyinsu a rabin totur da cikakkensa. Ka kuma tura jirgin da hannu a kan siminti ba tare da wuta ba; idan ya kauce, tayar gaba ce ta karkace. Mutane da yawa suna barin tayar nan tana juyawa fiye da kima, sai gyaran hagu ya zama zarcewar dama, don haka ka rage mata.

Ko da injinan sun daidaita, idan farfelun biyu suna juyawa irin na agogo ga mai kallo daga baya, jirgin zai nemi hagu. Haka de Havilland Mosquito na gaske, jirgin yaƙin Birtaniya mai inji biyu na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, yake yi, har matuƙansa sukan ɗan gabatar da totur ɗin hagu wajen tashi. Piper Seminole kuwa, wani jirgin gaske mai inji biyu, an yi masa farfelu masu juyin saɓani don a kawar da wannan. Kai ma za ka iya: ka musanya biyu daga wayoyi ukun injin dama, ka sa masa farfela mai juyin baya, ta yadda saman farfelun biyu zai riƙa nufar jikin jirgi. Sai dai ka riƙa duba notin wannan ɓangaren kafin kowane tashi, domin yana saurin kwancewa.

Batun ruftawar fiffike shi ya fi tsorata ni. Jirgin da aka fizge sama bai kai gudunsa ba zai rasa iska a fiffike ɗaya, musamman idan CG ɗinsa, wato tsakiyar nauyinsa, ya ja baya, kuma a wannan tsayi babu sauran dabara. Idan ya fara kaucewa, ka sauke totur gaba ɗaya ka bar shi ya shiga ciyawa a kan tayoyinsa. Ka fuskanci iska, ka ƙara totur sannu a hankali har wutsiya ta fara amsawa. Idan rimot ɗinka yana ba da dama, ka sa kowane ESC a tasharsa ta rimot daban, ka haɗa ɗan bambancin totur da majuyin wutsiya, amma ka fara da kaɗan ƙwarai.

Ka turo mana lambobin juyin da ka samu da girman farfelunka, in sha Allahu za mu duba tare.