Tambaya da Amsa: In yi afdet ko in zauna a kan tsohon FL Studio ɗina (manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta)?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ɗan ƙaramin situdiyo, waƙoƙin biki na fi bugawa, kuma FL Studio 20 nake aiki da shi tun da daɗewa lafiya lau. Yanzu abokai sun ishe ni wai in yi afdet saboda sabon yana cire murya daga cikin kiɗa. Don Allah in canza ko in bar shi haka? Daga wani mai kiɗa, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka ba ƙarya suka yi ba, tun FL Studio 21.2 da ya fito a 2023 kamfanin Image-Line mai yin sa ya saka abin da ke ware murya daban, ganguna daban, bes daban, kuma in dai da kuɗinka ka saya to afdet kyauta ne har abada.

Amma ni shawarata kar ka taɓa kwamfutar da kake cin abinci da ita ana tsakiyar aiki. Ita manhajar kanta ba kasafai take ba da ciwon kai ba, filogin ne matsalar, wato waɗannan ƙananan manhajojin sautuka da na gyaran sauti (ifet) da ka tara a cikinta shekara da shekaru, wasu ma masu yin su sun daina kula da su tuntuni. Misali, Cubase 9, wata manhajar kiɗa ta kamfanin Steinberg, ya watsar da filogin masu tsohon tsarin 32-bit tun 2016, Apple ma ya daina karɓar manhajojin 32-bit gaba ɗaya a babbar manhajar kwamfutocinsa macOS Catalina a 2019, sannan a 2022 Steinberg ya sanar zai bar tsohon tsarin filogin na VST2 ya koma sabon, VST3, kawai. Su kamfanoni dole su ci gaba don in ba sabon abu ba wa zai ƙara saya, kai kuma abin da ya dame ka ka buɗe waƙar amarya ta bara ka ji sautin fiyano yana nan yadda ka bar shi, ba wai a ce maka an rasa filogin ba ga ango zaune yana jira.

To ga yadda za ka yi. FL Studio yana yarda ka saka sabo a folda daban, tsohon na nan bai motsa ba. Yi wasa da sabon a kan aikin da ba na kuɗi ba tukuna. Kuma ka kiyaye, in ka yi sebin ɗin tsohon aiki a cikin sabo ba lalle tsohon ya sake buɗe shi ba, don haka kwafi za ka riƙa buɗewa. Duk waƙar da ka gama ka fitar da kowane layin sauti a matsayin fayil ɗin odiyo na WAV ka ajiye a wata ma'ajiyar (hard disk) daban.

Cire muryar ma fa ba sihiri ba ne, wani lokacin za ka ji ɗan ƙarar kiɗa ya maƙale a bayan murya, kuma yana son kwamfuta mai ƙarfi. In kuwa naka kirak ne, wato wanda aka fasa ba saye ka yi ba, to wannan wata magana ce, sai ka fara sayen lasisi kafin a zo batun afdet.