Yadda amiba ke kiran juna idan yunwa ta zo

Ƙanena ɗalibin Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ka tambayi yadda amibar Dictyostelium, wata mitsitsiyar halitta mai ƙwayar rai guda da ke zaune cikin ƙasa, ke haɗuwa alhali ba ƙwaƙwalwa gare ta ba.

Yunwa ce mafari. Muddin akwai bakteriya, ƙananan ƙwayoyin da suke ci, cikin ƙasa, kowace na kiwonta ita kaɗai. Abinci na ƙarewa sai wasu su fara fitar da wani sinadarin kira mai suna cAMP, kusan duk minti 6. Wadda ya iske ta matso, ita ma ta saki nata, kamar yadda kiran salla ke bin masallatai daga unguwar Birni har Zango. Har 100,000 kan dunƙule su zama jiki guda.

Ni rabon aikin ya fi ɗaure mini kai: wani sinadarin da suke fitarwa, mai suna DIF-1, na taimakawa kusan kashi 20 cikin 100 su zama kara, su mutu, sauran su hau bisansu su zama irin da sabbin amiba za su fito daga ciki.